Jagoran Neman Gurbin Digiri na Uku a Ƙasashen Waje ga Ɗaliban Kimiyya na Bauchi da Gombe

Kowace shekara, da zarar damina ta ja jiki an shiga watan Oktoba, ɗalibai sukan fara shigowa ofishina a Bauchi da waya a hannu, suna nuna mini sanarwar tallafin karatu da wani ya tura a zauren WhatsApp, galibi saura kwana huɗu ko biyar a rufe. Tambayata ta farko ba ta canzawa: fasfo yana hannu? Tiranskirif, wato takardar cikakken sakamakon kwasa-kwasai, fa? Amsar ma ba ta cika canzawa ba: "Malam, ai sai in na samu sannan zan yi su." A nan mafi yawan ɗalibanmu suke faɗuwa tun ba a fara kokawar ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son ya fara digiri na uku a waje a watan Satumba na wata shekara, ya kamata ya soma shiri tun wata goma sha takwas kafin lokacin.

Akwai kuma wata fahimta da ya kamata a gyara tun farko. A fannin kimiyya, gurbin digiri na uku bai yi kama da rabon kujerar Makka da ake jiran sunan mutum ya fito a allo ba. Ya fi kama da neman aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani malami da ya riga ya samo kuɗin bincike, yake kuma neman hannun da zai yi masa aikin na shekara uku ko huɗu. Duk matakan da za su biyo baya an gina su ne a kan wannan: ka gamsar da mutum ɗaya, wanda ya san fanninsa ciki da bai, cewa idan ya ɗauke ka aikinsa zai ci gaba.

Sanin yadda kowace ƙasa take tafiyar da karatun

Matakin farko shi ne mutum ya san cewa tsarin ba ɗaya ba ne. A Holan da Siwidin da Norwe da Denmak, ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne mai albashi da kwantiragi, ana tallata gurbin kamar yadda ake tallata kowane aiki, kuma ba a biyan kuɗin makaranta. A Holan da Siwidin shekara huɗu ne, a Denmak uku. A Jamus ma guraben kimiyya da yawa haka suke, musamman a cibiyoyin bincike na Max Planck, waɗanda suke da makarantun digiri na uku da ake gudanarwa da Turanci. Waɗannan ƙasashe kusan dukkansu suna son mai digiri na biyu wanda ya yi bincike na haƙiƙa ya rubuta kundi.

A Birtaniya karatun yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, amma samun gurbi daban ne, samun kuɗi daban. Ɗalibai da yawa sun riƙe takardar amincewa daga jami'a mai suna, suka yi ta nuna wa dangi, alhali babu sisin kwabo a bayanta. Amurka kuwa tana karɓar mai digiri na farko kai tsaye, a yi shekara biyar zuwa shida, sashe ya biya kuɗin makaranta ya ba da alawus a madadin koyarwa ko taya bincike, kuma ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu. Sai dai dokokin bizar Amurka sun tsananta a kan 'yan Nijeriya tun daga 2025, saboda haka kada kowa ya biya kuɗin cike fom na jami'o'in can sai ya duba matsayin da ake ciki a shafin ofishin jakadancinsu.

Daga nan sai mutum ya auna kansa da gaskiya. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu suke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu kuma daga 3.50, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da yawancin masu ba da tallafi suke nema. Wanda ya fita da ƙasa da haka ƙofa ba ta rufe masa ba, amma hanyarsa ta ƙara tsawo: ya yi digiri na biyu a gida ya ci shi da kyau, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Jami'ar Jihar Gombe ko wata, ya fitar da maƙala ɗaya mai inganci daga kundinsa, sannan ya nema da wannan. Wanda kuma digiri na farko kaɗai gare shi da sakamako mai ƙarfi, ya dubi shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ake yin digiri na biyu a ƙasashe biyu ko fiye da alawus na Yuro 1,400 a wata. Ko cibiyar lissafi ta AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda. Ko difloma ta shekara ɗaya a cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masu fiziks da lissafi daga ƙasashe irin namu. Waɗannan gadoji ne, kuma da yawa daga masu haye su sukan wuce digiri na uku kai tsaye.

Takardu, tun kafin a ga sanarwa

Wannan mataki ba shi da armashi, amma shi ya fi cinye mutane. A fara da suna. Ɗauko takardar WAEC, da shaidar digiri, da takardar bautar ƙasa, da katin NIN, da takardar haihuwa, ka jera su a kan tabarma ka karanta harafi bayan harafi. Za ka iya tarar da Muhammad a ɗaya, Mohammed a wata, sunan kaka ya shigo a ta uku, sunan gari ya maye gurbinsa a ta huɗu, ranar haihuwa kuma ta koma ɗaya ga Janairu a wani wurin. A wurinmu wannan ba komai ba ne, amma ma'aikacin da yake tantance takardu a Bon ko Tokiyo mutum biyu yake gani. Ofishin shige da fice ba zai buga fasfo da abin da ya saɓa wa NIN ba, don haka a gyara NIN tukuna, a yi takardar rantsuwa a kotu da take nuna cewa sunayen duka na mutum ɗaya ne, sannan a nemi fasfo a ofishin Bauchi ko Gombe.

Sai tiranskirif. Ni kaina na taɓa rasa zagaye guda cur saboda shi: na biya kuɗi, na yi ta sintiri wata huɗu, daga baya aka ce sakamakon zango ɗaya na aji biyu ba ya cikin fayil, sai da aka koma sashe aka tono tsohon kundin maki. Ran da takardar ta fito, an yi mako uku da rufe gurbin. Saboda haka a nemi kwafin ɗalibi tun yanzu, a duba ko kowane kwas ya fito, a adana shi a imel da kuma wata ma'ajiya ta intanet. Wasu ƙasashe sukan buƙaci a kai shaidun karatu Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimi, jami'o'in Amurka da Kanada kuma wasu sukan nemi a auna sakamakon ta hannun WES, wata cibiyar tantance shaidun karatu, amma waɗannan kada a kashe musu kuɗi sai an ga an rubuta ana buƙatarsu.

Jarrabawar Turanci ma haka. IELTS da TOEFL shekara biyu kaɗai sakamakonsu yake aiki, GRE kuma, wato jarrabawar shiga karatun gaba da digiri na farko, biyar, ga shi jami'o'i da yawa sun daina neman GRE ɗin. Maki 6.5 cikin 9 a IELTS shi ne abin da aka fi nema a fannin kimiyya. Kuɗinta yana da nauyi, ga kuɗin mota da masauki zuwa Kano ko Abuja, don haka a fara tambaya ko jami'ar tana karɓar wasiƙar rajistara mai shaida cewa da Turanci aka yi karatun, ko sakamakon Turanci na WAEC, kamar yadda wasu jami'o'in Birtaniya suke yi. Idan jarrabawar ta zama dole, ɓangaren rubutu da na sauraro su suka fi kayar da ɗalibanmu, kuma wata biyu na atisaye da agogo a gefe ya fi kowace lakca amfani.

Tambayar bincike: abin da muke da shi wanda ba su da shi

A nan nake so a daɗe, domin a nan ɗan Bauchi ko ɗan Gombe yake da abin da ɗan Landan ba shi da shi. Ba za mu yi gasa da su a kan na'urori ba. Amma matsalolin da masana na duniya suke neman hanyar isa gare su, mu a cikinsu muka tashi.

A ɗauki misalin Kaltungo. Asibitin masu saran maciji da ke can sananne ne ga duk mai binciken dafin maciji, kuma kububuwar da take addabar manoman yankin tana cikin macizan da suka fi kisa a Afirka ta Yamma. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful ta daɗe tana aiki da likitocin Nijeriya a kan wannan, an kuma samar da maganin dafi na EchiTAb daga wannan haɗin gwiwa, ana haɗa wani nau'insa a Birtaniya wani a Kosta Rika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, abin da ya ƙara jawo kuɗin bincike zuwa fannin. Ɗalibin kimiyyar sinadaran jiki da ya tashi a Billiri ko Shongom, yake jin Tangale da Hausa, ya san lokacin girbi da saran ya fi yawa, ya san dalilin da yake sa mutane su fara zuwa wurin mai maganin gargajiya, yana riƙe da wani ilimi da ba a koyonsa a Libaful.

Haka zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, kuma Bauchi tana cikin jihohin da suka fi fama da shi duk rani. Cibiyar Bernhard Nocht ta Hambog ta shafe shekaru tana aiki a kansa tare da asibitin Irrua a jihar Edo. Mai ilimin duwatsu yana da rijiyoyin man Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙa a Nuwamba 2022, ga kwal ɗin Maiganga, ga farar ƙasar Ashaka. Mai nazarin ruwa da muhalli yana da dam ɗin Dadin Kowa a kan kogin Gongola, da zaizayar ƙasa da take cin unguwanni a cikin Gombe, da yawan sinadarin fuloraid a wasu rijiyoyin Kaltungo wanda yake rina haƙoran yara. Mai nazarin halittu yana da Yankari.

Sai dai suna ba tambaya ba ne. "Nazari a kan gurɓacewar ruwa a jihar Gombe" taken kundin aji huɗu ne. Tambayar digiri na uku takan faɗi abin da aka riga aka sani, ta nuna giɓin da ya rage, ta bayyana hanyar da za a cike shi da kuma dalilin da ya sa sai a wancan ɗakin gwaje-gwajen za a iya. Hanyar kaiwa gare ta ita ce karatu: a shiga Google Scholar da PubMed, a tattara maƙaloli ashirin zuwa talatin na shekara biyar da suka wuce, a karanta musamman ƙarshen kowace, inda marubuta suke faɗin abin da ba su iya warwarewa ba. Ana cikin wannan karatun za a ga wasu sunaye suna ta maimaituwa, kuma su ne malaman da za a rubuta wa.

Wani gargaɗi a kan wallafa. Akwai mujallun da suke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin kwana uku ba tare da wani masani ya duba ba, kuma sun cika takardun malamai da ɗalibai a wurinmu. Farfesan waje ya san su da gani, kuma jerin guda goma daga cikinsu yana rage wa mutum daraja maimakon ya ƙara. A duba ko mujallar tana cikin Scopus ko DOAJ, wato jerin mujallun da aka tantance, kafin a aika mata komai.

Wasiƙa zuwa ga malami

Imel ɗin farko kada ya wuce abin da za a karanta a minti ɗaya. Al'adarmu ta doguwar gaisuwa, da tambayar iyali da gajiya, kyakkyawa ce a zaure, amma a nan a taƙaita ta zuwa sunan malamin da muƙaminsa, a kuma tabbatar an rubuta sunan daidai. Abin da wasiƙar za ta ƙunsa, da Turanci mai sauƙi, shi ne kamar haka: ni wane ne, na gama digiri na biyu a fanni kaza da sakamako kaza, na karanta maƙalarki ta bara a kan abu kaza, na lura kun ce ba ku samu samfuri daga yankin savana ba, a kundina na yi aiki a kan samfuri sittin daga yankin, ga abin da na gano, shin kina ɗaukar ɗalibai a shekara mai zuwa, kuma za ki goyi bayan neman tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, idan na rubuta tsarin bincike? Sai a haɗa da taƙaitaccen tarihin karatu mai shafi biyu da tiranskirif.

Abin da ba a yi shi ne kukan talauci, ko kiran mutum uba, ko tura wasiƙa iri ɗaya ga mutum hamsin. Mafi yawa ba za su amsa ba, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne. A jira mako biyu, a tuna sau ɗaya, a wuce gaba. A buɗe jadawali a kwamfuta ko a littafi mai ɗauke da sunan malami, jami'a, ranar aikawa, amsa, da ranar rufe tallafin da ya dace da shi.

Ƙofofin kuɗi

Na gida tukuna. Asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, wanda aka kafa a 1973, yana tura ɗalibai digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi mai da iskar gas da makamashi, yana neman takardar bautar ƙasa da shaidar ƙaramar hukuma da NIN, kuma yana yin ganawa ido da ido inda ake kare tsarin bincike. TETFund kuwa, asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda ya kai malaman manyan makarantunmu da yawa Maleshiya da Birtaniya, ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin masu karatu a waje daga Janairu 2025, kuma a shekarar ce gwamnati ta sanar da tsayar da shirin musayar ɗalibai na BEA. Wannan ya sa dogaro da aljihun gwamnati kaɗai ya zama ganganci.

Tallafin Kwamanwel na Birtaniya, mai tarihi tun 1959, ana buɗe shi wajen Satumba, kuma dole a cike a wuri biyu: a shafin hukumar ta Landan da kuma wurin Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da take miƙa sunaye. Yana da wani reshe da ɗalibanmu ba su cika kula da shi ba, inda mai rajistar digiri na uku a jami'ar gida yake zuwa Birtaniya na wata goma sha biyu ya yi gwaje-gwajen da ba su yiwuwa a nan, sannan ya dawo ya kammala. A ganina wannan ya fi dacewa da malami mai iyali, ko matar aure da tafiyar shekara huɗu za ta yi mata wuya. Shirin RSIF da cibiyar icipe ta Nairobi take gudanarwa ma irin wannan tsarin gare shi, kuma Jami'ar Bayero tana cikin masu karɓar ɗalibansa. Tallafin Chevening na Birtaniya kuwa na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, yana kuma neman gogewar aiki ta shekara biyu, don haka ba ƙofar digiri na uku ba ce.

A Turai, guraben Marie Curie na Tarayyar Turai suna cikin mafi tsoka, ana tallata su a shafin EURAXESS, kuma babban sharaɗinsu shi ne kada mutum ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata goma sha biyu cikin wata talatin da shida da suka gabata, sharaɗin da ɗan Azare ko Bajoga ya cika tun yana gida. DAAD ta Jamus tana son a zo da wasiƙar amincewar malami da tsarin bincike. Guraben Birtaniya masu kuɗi ana samunsu a shafin FindAPhD, amma a karanta da kyau ko kuɗin ya shafi ɗaliban ƙetare, domin hukumar bincike ta ƙasar ta ƙayyade musu kashi 30 cikin ɗari na gurabenta.

Gabas ma akwai hanya. Jami'ar KAUST da ke Suwal a gaɓar Bahar Maliya, arewa da Jidda, an buɗe ta a 2009, da Turanci take koyarwa, tana ɗauke kuɗin makaranta da gida da lafiya ta kuma ba da alawus, kayan aikinta kuwa ba su da na biyu a yankin. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana da nasa tallafin. Turkiyya tana buɗe nata daga Janairu zuwa Fabrairu ga 'yan ƙasa da shekara 35, tare da shekara ɗaya ta koyon harshe. MEXT, tallafin gwamnatin Japan, ta ofishin jakadancinsu a Abuja ake bi, wajen Afrilu da Mayu. Cibiyar TWAS tana haɗa ɗalibai da ɗakunan bincike a Sin da Indiya da Barazil. Ga mata kuma akwai Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, wanda aka keɓe wa mata masana kimiyya daga ƙasashe masu tasowa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar dillali, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi yana da hanya a ciki, ɗan damfara ne.

Rubutu, shaidu da ganawa

Tsarin bincike yakan kasance shafi biyu zuwa biyar: matsala, abin da aka sani, tambayoyi biyu ko uku, hanyoyin aiki, jadawalin shekaru, da amfanin sakamakon. Ɓangaren hanyoyin aiki shi ake fara dubawa, don haka a faɗi yawan samfuri, inda za a ɗebo su, gwajin da za a yi, da lissafin da za a tantance su da shi. Kada a kwafi ko jimla ɗaya, domin ana bi da manhajar gano satar rubutu, kuma rubutun da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta tsara gaba ɗaya yakan tonu a ganawa, lokacin da aka tambayi mutum ma'anar abin da ya sa wa hannu.

Masu shaida biyu ko uku ake nema, kuma malamin da ya duba kundinka ya fi shugaban jami'ar da bai taɓa ganinka ba. A je masa da ladabi wata guda kafin lokaci, a ba shi tarihin karatu da tsarin binciken da ranar rufewa, a roƙe shi ya yi amfani da imel na jami'a da takarda mai tambari. Galibi saƙon neman shaidar kai tsaye yake zuwa akwatinsa, wani lokaci ya faɗa cikin tarkacen saƙonni, saboda haka a tuna masa ba tare da an ƙosar da shi ba.

Ganawa ta bidiyo ce, minti ashirin zuwa arba'in. A tanadi layin waya biyu na kamfanoni daban, a cika batir, a nemi ɗaki mai haske wanda ƙarar janareta ba ta kai masa, a kuma lissafa bambancin agogo da kyau, domin Turai tana sauya nata sau biyu a shekara mu ba ma sauyawa. Wani ɗalibina ya rubuta cewa ya ƙware a gwajin PCR, wanda ake ninka ƙwayoyin gado da shi. Malamar ta tambaye shi a wane zafi ya saita na'urar a matakin da ƙwayoyin gado suke mannewa, da dalilin zaɓen wannan zafin. Ya yi shiru, domin gaskiyar ita ce ya kai samfurinsa wani ɗakin gwaji ne a wata jiha, aka yi aka miƙo masa sakamako. Da ya ce, "Ban taɓa sarrafa na'urar da hannuna ba saboda ba mu da ita, amma ni na tsara aikin, ni na fassara sakamakon," da ya tsira da mutuncinsa, wataƙila ma da gurbin. Malaman waje sun san halin ɗakunan gwajinmu. Abin da mutum zai iya koya a gida kyauta, irin su manhajojin R da Python da QGIS, shi ya kamata ya koya sosai har ya iya nuna aikin da ya yi da su.

Bayan an ce an ɗauka

A karanta takardar tayin da idon basira: nawa ne alawus, shekara nawa aka lamunce, wa zai biya kuɗin makaranta da inshorar lafiya da tikiti. A Birtaniya wasu fannonin kimiyya da injiniyanci suna buƙatar takardar ATAS, ta tantancewar tsaro, kafin biza, wadda takan ɗauki makonni, ga gwajin tarin fuka da ake yi a Abuja ko Legas mai aiki wata shida, ga kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekara. Tun Janairu 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali, amma mai digiri na uku yana iya tafiya, sai dai a tuna cewa yawancin alawus ɗin don mutum ɗaya aka yanka shi, kuma hayar gida takan cinye kusan rabi. Da yawa sukan fara tafiya su kaɗai su zauna da gindinsu, sannan iyali su biyo. A kuma tanadi kuɗin wata na farko, domin alawus ba ya shigowa sai an buɗe asusun banki a can.

Ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta kada ya sa ƙafa a jirgi sai takardar hutun ƙaro karatu ta fito a rubuce, ya kuma karanta yarjejeniyar dawowa aiki kafin ya sa hannu, domin masu tsaya masa ne za a bi idan ya saɓa.

Wanda bincikensa ya dogara da samfuri daga gida yana da sauran aiki. Jini ko duk wani abu na jikin ɗan Adam yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, da yarjejeniyar miƙa samfuri tsakanin cibiyar gida da ta waje. Tsirrai da iri suna buƙatar takardar hukumar killace kayan gona ta ƙasa, jami'o'in Turai kuma sukan tambayi shaidar izini a ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan amfani da albarkatun halittu na wata ƙasa. Ganyen magani da aka ɗaure a leda aka cusa cikin akwati tare da yaji da kuka, a filin jirgi za a ƙwace shi, ko da ya tsallake ma ba za a bari a wallafa sakamakonsa ba. Waɗannan takardu sukan ci wata uku zuwa shida, don haka a fara zancensu da malamin tun a makon da aka karɓi tayin, a kuma samu abokin aiki a sashen gida wanda sunansa zai shiga yarjejeniyar, ya riƙa kula da firjin samfuri idan wuta ta ɗauke.